Me Ninƙayar Kifi Za Ta Faɗa Mana Game da Illar Maganin Mutum?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji huɗu a sashen harhaɗa magunguna. A wata lacca malaminmu ya ce akwai ɗakunan bincike da ke zuba maganin mutane a ruwa, su sa kifi ciki, su zauna suna kallon yadda yake iyo, wai da haka ake gano illar maganin. Ni dai abin bai kwanta mini ba. Kifi ba ya magana, ba zai ce kansa na juyawa ko zuciyarsa na tashi ba. To me ake aunawa? Kuma idan aikin gaske ne, zan iya yin aikina na kammala karatu da tarwada?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shakkunki yana kan hanya, kada ki yar da shi, don shi ne zai hana ki yin aikin banza. Malaminku ma bai yi ƙarya ba. Abin da nake so ki riƙe tun daga farko shi ne, kifi a wannan aiki rariya ne, ba alƙali ba. Yana tace dubban magunguna cikin 'yan kwanaki ya ware waɗanda ya kamata a sa wa ido. Hukunci kan abin da magani zai yi wa mutum ba a bakin kifi yake ba.

Ai ko a gida abin ba baƙo ba ne. Masuntanmu sun daɗe da sanin magimfa: a daka ganyenta a zuba a tafki, kafin wani lokaci kifi ya taso sama yana layi, yana haki, ciki ya juyo sama. Masunci bai taɓa shiga aji ba, amma da ganin yadda kifin ke tangaɗi ya san ko dafin ya kama ko bai kama ba. Sinadarin da ke cikin magimfa dangin rotinon ne, wanda ke toshe wa ƙwayoyin jiki hanyar samar da ƙarfi, kuma tun shekarar 2000 masu bincike ke ba ɓeraye rotinon don su kwaikwayi cutar nan ta karkarwar jiki da ake kira Parkinson. Wato idon masunci da kyamarar ɗakin gwaji abu ɗaya suke kallo. Bambancin, kyamara tana ƙirga.

Kifin da aka fi amfani da shi ba namu ba ne. Wani ɗan mitsitsi ne da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, mai ratsi-ratsi kamar jakin dawa, shi ya sa ake ce masa kifin zebira, a kimiyyance Danio rerio. Asalinsa ƙoramu da gonakin shinkafa na Indiya da Bangaladash. George Streisinger na Jami'ar Oregon a Amurka ne ya dage kansa tun a shekarun 1970, lokacin da kowa ke tare da ɓera da ƙudan 'ya'yan itace. Abin da ya sa ya karɓu ba wani sirri ba ne. Mace ɗaya na iya zuba ƙwai 200 zuwa 300 a mako. Ƙwan garau yake kamar gilashi, kina kallon zuciya ta fara bugawa a cikinsa bayan kwana ɗaya. Kwana biyu zuwa uku ya ƙyanƙyashe, a kwana na biyar jinjirin yana iyo, yana gani, yana ji, yana farauta, yana barci da dare, alhali tsawonsa bai wuce milimita 4 ba. Da aka kammala karanta kundin halittarsa a 2013, sai aka ga kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon mutum suna da takwara a jikinsa. Sinadaran da ƙwaƙwalwarmu ke aika saƙo da su, irin su dofamin da serotonin da GABA, duk yana da su, da makullan da suke shiga. Mafi yawan magunguna kuwa a irin waɗannan makullai suke aiki, don haka maɓallin da ya buɗe ƙofa a kanmu sau da yawa yana buɗe irinta a kansa.

Yanzu ga abin da ake aunawa. Akwai wani faranti na roba mai gurabe 96, kamar gurbin dara amma ƙanana. A kowane gurbi a sa jinjirin kifi ɗaya da ɗigon ruwa da magani. A saka farantin cikin akwati mai kyamarar da ke gani ko a duhu, kwamfuta ta riƙa bin kowane kifi: nisan da ya yi, saurinsa, sau nawa ya tsaya, ko yana bin bango ko yana ratsa tsakiya. A kashe fitila kwatsam, lafiyayyen jinjiri sai ya ƙara zirga-zirga na 'yan mintuna. A ƙwanƙwasa farantin, sai ya lanƙwasa jiki kamar lauje ya zabura, cikin ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. A ci gaba da ƙwanƙwasawa, sai ya saba ya daina kulawa, wanda shi ne mafi sauƙin nau'in koyo. Kowanne daga cikin waɗannan ɗabi'u yana rataye ne a kan wasu jijiyoyi sanannu. Idan magani ya canza ɗaya ya bar sauran, kin sami bakin zare.

A 2010 Jason Rihel da Alexander Schier a Jami'ar Harvard suka gwada sinadarai kusan 4,000 a haka, suna kallon barci da farkawar 'ya'yan kifin kwana da kwanaki. Abin da ya burge ni a aikin ba yawan ba ne. Sun lura cewa magungunan da ke aiki ta hanya ɗaya suna barin sawu iri ɗaya a ɗabi'ar kifin, ta yadda idan aka kawo sinadarin da ba a san aikinsa ba, ana iya duba sawunsa a ce wannan ɗan gidan su wane ne. Har suka tarar magungunan rage kumburi da wasu masu taɓa bugun zuciya suna hargitsa barci da kai-komo, abin da ba don shi aka yi su ba. Ma'anar illa ke nan ai: aikin da magani ya yi wanda ba a aike shi ba.

Bari in tsaya kan misalin da ya fi shafarmu, wato kunne. Kin san jentamaisin, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, kin san yadda ake tsira wa mutane allurarta a kyamis kamar ruwan sha. Ita da 'yan uwanta, niyomaisin da kanamaisin da sitireftomaisin, da kuma sisfilatin na cutar daji, suna kashe wasu ƙwayoyi masu gashi-gashi a can cikin kunne. A jikin mutum waɗannan ƙwayoyi ba sa sake tsirowa. Wanda ya rasa su ya rasa ji ko daidaiton tsayuwa ke nan. Matsalar mai bincike ita ce suna ɓoye cikin ƙashi mai tauri, ba a ganinsu sai an fasa kai. To kifi yana da irinsu a waje, jere a gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya, da su yake jin motsin ruwa. Sai a sa ɗan rini mai ƙyalli a ƙirga su ɗaya-ɗaya a madubin ƙara girma, kifin na raye. A zuba niyomaisin, cikin awa ɗaya sun soma mutuwa. Ɗabi'a kuma ta biyo baya: lafiyayyen kifi yana fuskantar inda ruwa ke gudanowa ya tsaya daram, wanda aka lalata wa layin gefe kuwa, musamman a duhu, sai ruwa ya yi ta jan sa. David Raible da Edwin Rubel a Jami'ar Washington da ke Siyatil sun shafe shekaru suna amfani da wannan hanya ta fuska biyu, neman magungunan da ke kashe ƙwayoyin da neman waɗanda ke kare su. Ga ni dai wannan shi ne gwajin kifi mafi ƙarfi, saboda ana ganin ɓarnar da ido, ana ganin sakamakonta a iyo, kuma an san ƙwayar da ta lalace ita ce dai irin ta kunnen mutum.

Na ido ma haka yake da sauƙi. A riƙe jinjirin cikin wani ruwa mai kauri, a juya ganga mai zanen baƙi da fari kewaye da shi. Idonsa zai bi zanen ya dawo, ya bi ya dawo, kamar mai kallon bishiyoyi ta tagar mota. Maganin da ya taɓa gani yana rage wannan.

Sai farfaɗiya, wadda tana cikin illolin da ke kashe magani tun kafin ya kai kasuwa. Scott Baraban na Jami'ar Kalifoniya a San Faransisko ya nuna a 2005 cewa idan aka zuba masa sinadari mai tayar da ita, jinjirin kifin yana yin farfaɗiya ta gaske: da fari ya riƙa gudu fiye da ƙima, sannan ya shiga kewaya kamar guguwa, daga nan jiki ya ɗau jijjiga ya faɗi gefe. A 2013 ya ɗauki kifin da ke da lahani a ƙwayar gadon da ke haddasa cutar Dravet, wata muguwar farfaɗiyar yara, ya gwada magunguna 320 a kansu, ya fito da kilemizol, wani tsohon maganin ƙaiƙayi da aka manta da shi, wanda daga baya aka kai shi gwaji a kan majiyyata. Amma ki lura da abin da ya faru a tsakiya, don nan gizo ke saƙa. Magunguna da dama sun sa kifin ya daina jijjiga. Da aka soka siririyar waya a ƙwaƙwalwa aka auna wutar da ke gudana, sai aka ga farfaɗiyar na nan tana ci. Jikin ne kawai ya mutu. Da kyamara kaɗai aka dogara, da an yi shelar samun waraka.

Wannan shi ne babban ramin da ɗalibai ke faɗawa. Kifi ya rage motsi, sai a rubuta cewa maganin yana kwantar da hankali. Alhali kifi na iya rage motsi don barci ya kama shi, ko don tsokarsa ta saki, ko zuciyarsa ta yi rauni, ko bai gani, ko ruwan ya yi tsami yana ƙona masa fata, ko kuma yana kan hanyar mutuwa. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma sanin cewa ya yi tsami daban, sanin abin da ya tsamar da shi daban.

A manyan kifaye an fi yin gwajin fargaba. Ki sa kifin zebira a sabon tanki, zai nutse ƙasa ya maƙale, wani lokaci ya sandare, sai bayan mintuna ya soma leƙa sama. Diyazefam da busfiron, magungunan rage fargaba a mutum, suna sa ya hau sama da wuri, kafeyin mai yawa yana ƙara masa zaman ƙasa. Ana kuma duba yadda suke tafiya a garke, ko sun matsu ko sun watse. Ni ina taka-tsantsan da kalmar fargaba a nan. Abin da muka gani shi ne zaman ƙasa. Abin da kifin ke ji a ransa Allah ne masani. Muna kiransa fargaba ne don magungunan da ke rage ta a mutum suna rage shi.

Tunda ke 'yar Arewa ce, ba sai na ba ki labarin abin da kodin da tiramadol suka yi wa matasanmu ba, har gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018. To ko jaraba ana aunawa a kifi. A 2017 Gabriel Bossé da Randall Peterson a Jami'ar Utah suka shirya tanki mai wani dandamali, duk lokacin da kifi ya bi ta kansa sai na'ura ta ɗigo haidirokodon, ɗan uwan kodin. Cikin kwanaki kifayen suka koyi zarya a wurin. Aka ɗaga dandamalin ruwan kansa ya zama marar zurfi, inda kifin zebira ke ƙyamar shiga, suka ci gaba da zuwa. Aka ba su nalokzon, maganin da ke toshe makullin da dangin kodin ke shiga, sai zaryar ta ragu. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ya mai da abin kimiyya. Ba don shi ba, sai a ce wasa kawai suke yi.

Inda kifi ke yaudara kuwa, na farko shi ne shiga jiki. Mutum haɗiya yake yi ko a yi masa allura, mun san adadin da ya shiga. Kifi jiƙa shi ake yi a ruwan magani, abin da ya ratsa fata da wurin numfashinsa shi ne ya shiga. Maganin da ke son mai yana shiga da yawa har ya taru, mai son ruwa kuwa yana iya tsayawa a waje. Wani aiki da David Milan da abokansa suka yi a Boston a 2003 ya nuna wannan ƙarara. Sun ɗauki magunguna 23 da aka san suna hargitsa bugun zuciyar mutum. Da aka zuba a ruwa, 18 suka rage bugun zuciyar kifin, biyar suka fita kamar ba su da laifi. Da aka yi wa kifin allurarsu kai tsaye, huɗu daga cikin biyar ɗin suka nuna halinsu. Wato "ba mu ga illa ba" a kifi sau da yawa ma'anarsa "maganin bai shiga ba". Shi ya sa masu aikin kirki ke auna adadin da ke cikin jikin kifin, ba wanda suka zuba a ruwa kaɗai ba. Masu bincike a Jami'ar Brunel ta Ingila sun yi haka da fulokzetin, maganin ciwon damuwa, a 2014, suka ga ɗabi'ar kifin ba ta canza ba sai da adadin da ke jininsa ya kai, har ya ɗan haura, wanda ake samu a jinin majiyyaci.

Sauran sanannu ne. Kifin zebira ba shi da huhu, ba shi da nono, ba ya ɗaukar ciki da mahaifa. Hantarsa tana sarrafa wasu magunguna ba kamar tamu ba. Shingen da ke tsare ƙwaƙwalwa daga abin da ke cikin jini bai gama ginuwa a jinjirin 'yan kwanaki ba. Ciwon kai, ɗacin baki, munanan mafarkai, tunanin kashe kai, babu kyamarar da za ta ɗauko su a gurbin faranti. Don haka har yanzu sai an bi ta ɓera da wata dabbar, sannan matakan gwaji a kan mutane, sannan sa ido bayan magani ya shiga kasuwa, aikin da a Najeriya yake hannun NAFDAC.

Akwai wani reshe na daban da bai kamata ki haɗa shi da wannan ba, inda kifin ne kansa majiyyacin. Abin da muka sha muna fitar da wani ɓangarensa a fitsari, ya bi magudana ya shiga kogi. A 2013 Tomas Brodin da abokansa a Jami'ar Umea ta Suwidin suka sa wani kifin ƙasarsu a ruwa mai okzazefam, ɗan uwan diyazefam, maikirogiram 1.8 kacal a lita. Kifayen suka ƙara kai-komo, suka rage zama cikin 'yan uwa, suka ƙara saurin cin abinci. A 2025 wani aikin a Kogin Dal na ƙasar ya nuna 'ya'yan kifin salmon da aka ba kilobazam, shi ma ɗan uwan diyazefam, sun fi saurin ƙetare madatsun ruwa a hanyarsu ta zuwa teku. Kada ki ce ai gaba ta kai su. Kifin da ya bar garke, tsoro ya fita daga kansa, ba a san yadda zai ƙare da masu farautarsa a teku ba. Binciken koguna 258 a ƙasashe 104 da aka wallafa a 2022 ya sa Afirka kudu da Sahara cikin yankunan da ragowar magunguna suka fi yawa a ruwansu, kuma duk wanda ya san abin da ke kwarara cikin Jakara a Kano ba zai yi mamaki ba.

To batun tarwadarki. Za ki iya, kuma jami'o'inmu sun daɗe suna gwajin guba da tarwada da karfasa saboda ga su nan a kowace gonar kifi. Amma ki san wacce tambaya kike yi. Idan tambayarki ita ce me ragowar magani ke yi wa kifin ruwanmu, tarwada ta fi kifin zebira dacewa nesa ba kusa ba. Idan kuma so kike ki ce wani abu game da mutum, kin ɗauko nauyi, domin ba a san jijiyoyinta da ƙwayoyin gadonta kamar yadda aka san na zebira ba. Sannan kada ki kwafo gwajin sabon tanki ki ɗora mata. Tarwada 'yar ƙasa ce tun asali, ta fi walwala da dare, tana kuma tasowa ta shaƙi iska. Zamanta a ƙasa ba tsoro ba ne, gidanta ke nan. A wurinta gara ki ƙirga sau nawa take tasowa shan iska, da saurin motsin marfin numfashinta, da lokacin da take ɗauka kafin ta kai ga abinci, da ko tana riƙe daidaitonta.

Na taɓa duba aikin wani ɗalibi da ya zo mini da murna, wai ruwan wani ganye ya kwantar da kifinsa. Lokacin hunturu ne. Da muka je ɗakin sai na tarar robobin da aka sa wa ganyen suna bakin taga, waɗanda ba a sa wa komai ba suna can ciki kusa da bango. An ɗauke wuta da dare, abin ɗumama ruwa ya mutu. Sanyi ya auna, ba ganye ba. Kifi jininsa na bin zafin ruwa, shi ya sa ake tsare na zebira a digiri 28 da ɗoriya, da haske na awa 14 da duhu na awa 10, kullum ba canji. Ke ma ki cakuɗa wuraren robobinki, ki riƙa auna zafi da iskar ruwa da tsaminsa kowace rana, ki yi gwaji a lokaci ɗaya na yini. Idan da wani sinadari kika narkar da maganin, ki ware rukunin da za a sa wa sinadarin shi kaɗai. Ki sa rukunin da za ki ba maganin da aka riga aka san aikinsa, kamar diyazefam. Idan shi bai nuna komai ba, gwajinki ne bai da ido. Kifi goma a roba ɗaya kuma ba gwaji goma ba ne, ɗaya ne, don ruwa ɗaya suke sha.

Kada ki tsaya a kansu da biro da takarda. Kifi na ganinki, mai jar koma. Inuwarki kaɗai ta isa ta canza iyonsa. Ki kafa waya a sama ta ɗauki bidiyo ki fita, sannan ki ba wata ƙawarki ta ƙirga ba tare da ta san wace roba ce aka sa wa magani ba. Wannan ba tsanani ba ne. An yi shekaru ana wallafa cewa ƙaruwar iskar kabon a teku tana rikita kifin murjani har ya riƙa nufar warin maƙiyinsa. Da Timothy Clark da abokansa suka maimaita gwajin da kifi fiye da 900, suna ɗaukar komai a bidiyo, suka wallafa a 2020 cewa ba su ga wannan rikicewa ba. Idan manya sun yi tuntuɓe a nan, ɗalibi ya fi kusa.

Ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku kafin ki sayi ko kifi ɗaya. Tun 2003 Lynne Sneddon ta nuna kifi yana da jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ciwo, kuma a Tarayyar Turai doka tana kare ɗan kifin zebira daga ranar da ya fara cin abinci da kansa, wato wajen kwana na biyar. Ki yi amfani da mafi ƙarancin adadin da zai ba ki amsa, ki tanadi maganin sa barci na kifi don ƙarshen aiki. Kifin da ya sha magani ba na miya ba ne, ki gaya wa masu gadin ɗakin tun da wuri, ruwan gwajin kuma kada a juye shi a kwata.